Akwatin da Ke Yankewa Bayan La'asar

Ranar da Lujain ta shiga shagon gyaran rediyo na Abu Dirar a tsohuwar kasuwar birnin Irbid, ba neman miji ya kai ta ba. Faɗa ta je yi.

Ta dire wani ɗan baƙin akwati a kan tebur. Girmansa bai wuce sabulun wanka ba.

"Wannan abin kurma ne," ta ce. "Ko bebe. Ku zaɓa."

Mai shagon ya tafi masallaci. Ɗan ƙanwarsa Suhaib ne ke bayan tebur, da sukurudireba saƙale a kunne. Ya ɗago kai ya ganta, ya manta abin da yake kwancewa.

"Sannu da zuwa. Me ya yi?"

"Bai yi komai ba. Laifinsa ke nan."

Suhaib ya jona akwatin da wata sifika ta shago, ya kunna bulutut a wayarsa. Akwatin ya yi 'yar ƙara, alamar ya karɓi wayar. Ya danna, kiɗa ya tashi tas.

"Ga shi yana waƙa."

"A nan yana waƙa. A gidanmu gurnani yake kamar injin niƙa."

"To gidanku ne ba lafiya."

"Ka ce me?"

"Sifikokin gidanku nake nufi, wallahi. Ki kawo su in duba."

Ta yi dariyar da ba ta shirya yi ba. "Babana zai fi yarda a cire masa ƙoda. Sifikokin nan sun girme ka, Injiniya."

"Ni ba injiniya ba ne."

"Na gani ai."

Haka suka fara.

Babanta shi ne Abu Mamduh. Na san shi tun muna samari, ƙofarmu na kallon tasa. Direban babbar mota ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a hanyar Kuwait. Yakan yi watanni bai ga gida ba. Matarsa Widad ba ta iya rubutu ba, sai ta zauna gaban rikoda ta cika kaset da magana, ta ba wani direba ya kai masa. Daga Kuwait ɗin ya ɗauko mata sifikoki biyu na katakon goro da amfilifaya mai fuskar azurfa, ya hau da su bene a bayansa. Da Allah ya yi mata rasuwa, kullum bayan la'asar sai ya rufe ƙofar ɗakin baƙi ya saka kaset ɗaya. Kowa a layin ya sani. Ba mai ƙwanƙwasa masa a wannan lokacin.

Da rikodar ta fara cinye kaset, ɗansa Mamduh ya kwashe muryar duka ya zuba a waya kafin ya koma Jamus. Daga can ya aiko da ɗan akwatin nan, don waya ta riƙa tura sauti zuwa tsofaffin sifikoki ba tare da igiya ba. Tun da ya iso, tsohon bai ji muryar matarsa yadda ya saba ba.

Washegari Suhaib ya zo gidan da kansa, da jakar kayan aikinsa. Abu Mamduh ya kalle shi daga takalmi har gashi.

"Ɗan gidan wa?"

"Ɗan ƙanwar Abu Dirar, Ammi." Haka muke kiran dattijo a nan, kamar a ce baffa.

"Kada ka taɓa katakon."

"Ba zan taɓa ba."

Ya durƙusa ya leƙa bayan amfilifayar da fitilar wayarsa. Nan take ya ga abin.

"Ammi, wa ya jona wannan igiyar?"

"Ni."

"An jona ta da kyau. Sai dai wannan ramin na faifan garmaho ne, shi ya sa yake gurnani. In ka yarda, mu gwada na kusa da shi, na kaset."

"Gwada."

Gurnanin ya tafi, amma wani ɗan zuzu ya rage a ƙasa. Suhaib ya bi igiyar caja ya tarar soket ɗaya take ci da firij. Ya canja mata wuri, zuzun ya mutu. Sai kuma sifikar hagu ta ƙi magana. Ya zaro bakin igiyarta, tagullar ta yi tsanwa. Ya yanke, ya fere sabon baki, ya ɗaure. Duk wannan Lujain na tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi, tana kallon hannunsa.

"Yanzu danna, Ammi."

Tsohon ya danna. Murya ta cika ɗakin, cikakkiya, kamar mai ita na zaune a kujerar kusa da taga.

"Abu Mamduh, zaitun ya nuna kuma ba ka nan. Ɗanka ya fasa gilashin maƙwabta. Kada ka tuƙa da barci a idonka, ka ji ni?"

Suhaib bai jira jimla ta gaba ba. Ya ɗauki jakarsa ya fita, ya ja ƙofar a hankali, ya tsaya a matakala. Abu Mamduh ya ga haka.

A matakalar Lujain ta miƙa masa shayi. Idonta ya yi ja.

"Ka sa na yi kuka gaban baƙo. Ba zan yafe maka ba."

"To ki riƙe lambata. In ya sake lalacewa ki zage ni kai tsaye."

Ta karɓa. Kafin magariba saƙo ya shigo masa.

"Injiniya, har yanzu yana aiki. Na yi mamaki."

Ya mayar: "Ni kuma tun da na sauko daga benenku komai nawa ya daina aiki. Na jona wa wani rediyo a bai-bai, kawuna ya kusa korata."

"Allah ya ƙara."

"Amin, in dai ke ce sanadi."

"Ka iya baki. Babana ya ce kana da kunya. Bai san ka ba."

"Ki bar shi a haka, hasken idona."

"Wa ya ba ka izinin wannan sunan?"

"Ba kowa. In mayar?"

Ta rubuto: "Bar shi tukuna."

A ƙarƙashin tagar ɗakin baƙin Abu Mamduh akwai gidan burodi. Suhaib yana zaune a can ƙarshen gari, akwai masu burodi da yawa tsakaninsa da mu. Amma kullum bayan la'asar sai ga shi a layinmu. Ya sayi burodi, ya tsaya a gindin taga yana danna waya, Lujain na amsa masa daga kicin. Uwarsa ta rasa inda za ta kai burodi, har ta fara rabawa maƙwabta.

A daidai wannan lokacin akwatin ya fara sabuwar cuta. Widad na tsakiyar magana sai ta yanke. Wani lokaci ta dawo, wani lokaci sai tsohon ya sake dannawa. Da safe lafiya lau. Da daddare lafiya lau. Sai bayan la'asar.

Abu Mamduh ya sa aka kira Suhaib. Ya zo ya matsar da akwatin daga bayan kabad ɗin ƙarfe, ya ce ƙarfe na tare sauti. Gaskiya ne, amma cutar ba ta tafi ba. Aka sake kiransa, ya sauya igiya. Ba ta tafi ba. Kowane zuwa da shayi, wani lokaci da kunafa mai zaƙi, kuma tsohon ya fara sakin fuska, har yana ba shi labarin hanyar Kuwait.

Wata rana yana zaune a ɗakin, an saka karatu ana gwaji, sai saƙo ya shigo wayar da ke aljihunsa. Karatun ya yanke. Suhaib ya kalli akwatin, ya kalli aljihunsa. Ya gane.

Akwatin yana riƙe waya biyu. Tun ranar farko a shago ya haddace ta Suhaib. Duk lokacin da yaron ya tsaya a gindin taga, akwatin sai ya jiyo wayarsa ya kama ta, kuma da ta yi ƙara sai ya saki ta tsohon. Dannawa ɗaya ta isa ta kashe cutar har abada.

Bai danna ba.

"Ka gano?" in ji Abu Mamduh.

"Sai na ƙara dubawa, Ammi. Zan dawo."

A nan ya yi kuskure. Ba na kare shi.

Akwai wani mai son Lujain. Fawwaz, ɗan wani tsohon abokin Abu Mamduh, mai shagon kayan lantarki sababbi a babban titi. Ba mugu ba ne. Surutu ne da shi da turare. Wata Alhamis ya zo da babansa, wai gaisuwa, amma kowa ya san irin gaisuwar. Abu Mamduh ya kira mu, mu dattawan layi, mu zauna tare.

Fawwaz ya zo da kyauta, wata sifika sabuwa mai kama da gwangwanin madara.

"Ammi, waɗannan manyan a kai su gidan tarihi," ya ce yana buga katakon da yatsa. "Wannan 'yar ƙaramar ta cinye su."

Na ga jijiyar wuyan Abu Mamduh ta motsa. Amma baƙo baƙo ne.

"A kunna duka biyu mu ji," in ji tsohon. Ya tashi ya kunna amfilifayarsa, ya murɗa ta sama sosai.

A ƙasa kuwa Suhaib ya iso, ya tarar da doguwar mota a ƙofar gidan. Ya san mai ita. Ya rubuta: "Motar wa ce wannan?" Ya sake rubutawa: "Lujain?" Kansa ya ɗauki zafi.

Lujain na kicin, hannunta cikin kwaɓin gari. Ba ta taɓa tura masa murya ba, kullum rubutu ne. Ranar ta danna da ɗan yatsa ta yi magana.

Saƙon ya shigo. Suhaib ya danna. A daidai nan motar masu sayar da gas ta shigo layin da kiɗanta mai cika kunne. Ya kara wayar a kunne, bai ji komai ba.

Mu muka ji.

"Injiniya, hannuna duk gari ne, ba zan iya rubutu ba. Na hango ka, kana tsaye kamar turken lantarki da burodi a hannu. Kada motar nan ta tsorata ka. Mai ita turarensa ya riga shi hawa bene, har kyanwarmu ta gudu. Ni dai ka san inda zuciyata take."

Ba wanda ya motsa. Finjalin baban Fawwaz ya tsaya a hanya tsakanin tebur da baki.

A ƙasa yaron ya ɗauka wayarsa ce ta maƙale. Ya ƙure murya, ya sake kunna saƙon daga farko.

"INJINIYA, HANNUNA DUK GARI NE."

Gilashin kabad ya yi rawa. Sifikokin Kuwait ba su taɓa nuna ƙarfinsu kamar ranar ba. Aka sake jin turken lantarki, aka sake jin kyanwa. Da ta kai "ka san inda zuciyata take", Abu Mamduh ya kai hannu bayan amfilifayar ya finciko igiyoyin duka a dunƙule.

Ya je taga. Suhaib ya ɗaga kai, ya ga tsohon da igiyoyi a hannu. Burodin ya faɗi ƙasa.

Baƙi suka tashi ba su ƙarasa gahawa ba. Fawwaz ya sunkuya ya shinshina rigarsa a matakala, na gan shi. Kafin isha'i labarin ya kai ƙarshen unguwa, kuma kowane baki ya ƙara masa gishiri.

Lujain ta rubuta masa: "Ta yaya muryata ta shiga sifikar babana?"

"Wayata na haɗe da akwatin tun ranar shago."

"Ka sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun zuwana na ƙarshe. Na bar shi don a riƙa kirana. Amma na yau wallahi mantuwa ce, kishi ya rufe min ido."

"Ka ga motar Fawwaz, ka san ɗakin cike yake da maza, sai muryata ta tashi har sau biyu. Kana so in yarda mantuwa ce?"

"Lujain, na rantse."

"Ka kori abokin takararka da mutuncina. Kada ka sake rubuto min."

Ya rubuta. Ba ta buɗe ba.

Da Juma'a ta zagayo, bayan an sauko daga masallaci, Suhaib ya hau benen shi kaɗai ya ƙwanƙwasa. Abu Mamduh ya buɗe, ya tsaya a bakin ƙofar, bai matsa ba.

"Ammi, ban zo roƙon komai ba. Na zo in faɗi abin da na yi. Akwatinka bai taɓa lalacewa ba. Wayata ce ke ƙwace shi in na tsaya a ƙasa. Na gano, na yi shiru, don ka riƙa kirana. Lujain ba ta sani ba."

"Ka sha shayina."

"Na sha."

"Ina ba ka labari, kai kana dariya a ciki."

"Ban taɓa yi maka dariya ba."

"Rufe bakinka." Tsohon bai ɗaga murya ba. "Maganar gari ba ta dame ni ba, na ji wadda ta fi ta. Amma matata na min magana, kai kana yanke ta. Kullum. Tana cewa Abu Mamduh, sai shiru. Ka san me shirun nan ke tuna min?"

Suhaib bai taɓa kallon abin ta nan ba. Ya sunkuyar da kai. Ya zaro wayarsa ya kashe bulutut ɗin a gaban tsohon.

"Ba za ta sake yankewa ba. Ba za ka sake ganina a gindin tagarka ba."

"Madalla."

Ƙofa ta rufu.

Suhaib ya cika alkawari. Mai burodi har ya tambaye ni ko yaron ya yi tafiya ne.

Gidan Abu Mamduh ya yi tsit. Uba da 'ya suna cin abinci a tire ɗaya ba mai kallon wani. Tsohon ya gwada gwangwanin Fawwaz sau ɗaya. Muryar Widad ta fito siririya kamar daga cikin rijiya. Ya mayar da shi kwali ya aika wa mai shi da godiya. Daga nan maganar Fawwaz ta mutu.

Sai ya durƙusa bayan amfilifayar da kansa. Igiyoyi sun cakuɗe, idonsa kuma ba na da ba ne. Ya jona nan gurnani, ya jona can shiru. Kullum bayan la'asar ina jiyo gurnanin daga ɗakina, sai kuma tsaki. Na ce masa ya kira wani mai gyara. Ya ce ba ɗan wanda zai sake taka masa kafet.

Wata la'asar Lujain ta shigo ta same shi zaune a ƙasa, gumi a goshinsa, igiya a kowane hannu.

"Yaba, matsa," ta ce wa babanta.

"Me kika sani a ciki?"

"Na kalla ai."

Ya matsa. Ta zare igiyar daga ramin garmaho ta sa a na kaset. Ta raba caja da soket ɗin firij. Ta murza bakin tagulla ta ɗaure ja da ja, baƙi da baƙi. Wayar tsohon ba caji, sai ta haɗa tata don gwaji. Akwatin ya yi 'yar ƙararsa.

"Me zan saka?"

Abu Mamduh ya koma kujerarsa.

"Wancan saƙon naki."

"Yaba..."

"Na yanke shi a tsakiya. Ba na hukunci da rabin magana. Saka."

Ta danna. Aka sake bi ta kan gari da turke da kyanwa. A wurin kyanwar gashin bakinsa ya ɗan motsa, ya danne. Sannan abin da ba wanda ya ji ya fito.

"Ni dai ka san inda zuciyata take. Amma ka saurara da kyau. Na gaji da taga. Gidanmu yana da ƙofa. Duk abin da zai kasance, daga bakin babana zai fito. In ya ce a'a zan yi kuka, amma ba zan tsallake shi ba. Mutumin nan ba shi da kowa a garin nan sai ni da muryar mamata. In da gaske kake, turo manya. Bari in je, kwaɓina zai bushe."

A cikin waɗannan sifikokin muryar Lujain da ta uwarta ba su da maraba. Har yadda take rufe magana da aikin kicin.

Tsohon ya share fuska da gefen rawaninsa kamar mai share gumi.

"Ya zo nan ranar Juma'a," ya ce.

"Wa?"

"Mai burodin. Ya ce laifinsa ne, ke ba ki san komai ba. Na kore shi."

"Shi kaɗai ya zo?"

"Shi kaɗai. Wanda ya shirya tozarta mutum ba ya hawo bene ya tsaya a zage shi." Ya miƙe. "Ki gaya masa gidana yana da ƙofa. Ban ce na ba shi ba. Na ce akwai ƙofa."

Ta buɗe saƙonninsa da suka taru, ta karanta duka. Na ƙarshe gajere ne: "Ba na neman ki amsa. Ki dai duba, in ya cire igiyoyi, ramin kaset ne ba na garmaho ba. Kada ya rasa la'asarsa saboda ni."

Ta rubuta: "Na riga na gyara, Injiniya. Ba a buƙatarka."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar. "Alhamdulillahi. Kin yafe?"

"Rabi."

"Ɗaya rabin fa, hasken idona?"

"Yana hannun babana. Ya ce akwai ƙofa. Ka zo da manya, kuma don Allah kada ka zo da burodi."

Suka zo ranar Alhamis bayan la'asar, motoci cike da dattawa, Abu Dirar a gaba da alkyabbarsa ta biki. Mu ma muka zauna a ɓangaren mai gida. Suhaib na can ƙarshe kusa da ƙofa, cikin kwat ɗin da ta matse shi a wuya.

Aka zuba gahawa aka miƙa wa Abu Dirar. Ya karɓi finjalin ya ajiye a gabansa bai kai baki ba. Haka ake yi. Ba ya sha sai an ba shi abin da ya zo nema, kuma in ya tashi ya bar ta, gidajen biyu sun jima ba su gaisa ba.

Ya yi salati, ya yabi gidan, ya ambaci marigayiya da alheri. Sannan ya ce, "Mun zo neman 'yarku Lujain wa ɗanmu Suhaib, bisa sunnar Manzon Allah. Yaron yana da sana'a. Yana da wauta kuma, kun gani da idonku. Ba mu ɓoye ko ɗaya ba."

Abu Mamduh ya zauna yana jan carbi. Tururin finjalin ya ragu, ya ragu, ya ɗauke. Wani ya yi tari. Abu Dirar ya fara tattara gefen alkyabbarsa.

"Kai," in ji Abu Mamduh. "Injiniya."

Suhaib ya miƙe zumbur.

"In abu ya lalace a gidanka, ka gano inda cutar take, me za ka yi?"

"Zan faɗa a ranar, Ammi. Ko da ni ne cutar."

"In 'yata tana magana?"

"Ba zan yanke ta ba."

"Ba za ka iya ba ma," wani dattijo ya ce daga gefe. "Mun ji ta."

Ɗakin ya fashe da dariya. Abu Mamduh bai yi ba, amma ya ajiye carbin.

"Abu Dirar, gahawarka ta huce. A sake zuba masa mai zafi." Aka zuba. "Ku sha gahawarku. Na ba ku."

Guɗar da ta tashi daga kicin ba ta nemi taimakon sifika ba.

An ɗaura aure bayan an gama matsar zaitun. Mamduh ya zo daga Jamus. An yi mansaf, shinkafa da naman rago, har mai burodi ya ci ya tafi da saura, kuma ya cancanta, ya yi asarar babban mai ciniki. Da za a fita da amarya, Abu Mamduh ya yafa mata alkyabbarsa ya rako ta har ƙofa. Ya riƙe hannun Suhaib ya ɗora a kan nata.

"Allah ya yi muku albarka, ya haɗa ku cikin alheri. Ya ba ku gida mai magana." Ya juya ya hau bene da sauri don kada a ga fuskarsa.

Amarya da ango suka tare a can ƙarshen gari. Sabon aure, ka san yadda yake. Suka ɗan ɗauke ƙafa.

Wata la'asar ina zaune a wurinsa, sai ya ɗauki waya ya kira surukinsa.

"Akwatin nan ya sake lalacewa."

"Subhanallahi. Me yake yi, Ammi? Gurnani?"

"A'a."

"Yankewa?"

"Ba ya yankewa. Tun ranar biki. Daga la'asar har magariba, ko sau ɗaya."

Na jiyo dariyar Lujain ta cikin wayar.

"Gobe zan zo in duba, Ammi."

"Yau. Ka kunna abin nan na wayarka. Ka taho da ita."

Ya ajiye. Ya danna, Widad ta ci gaba da ba shi labarin zaitun da gilashin maƙwabta. Muka zauna muna ji. Rana ta fara sauka kan rufin gidaje.

Tana tsakiyar cewa kada ya tuƙa da barci a idonsa, sai ta yanke.

Abu Mamduh ya miƙe ya gyara rawaninsa.

"Yi haƙuri, Widad," ya ce wa sifikokin. "Yaran ne suka iso."

Ya tafi buɗe ƙofa.